Ire-iren Masu Ziyarar Maƙabartar Aoyama Lokacin Furen Sakura

Maƙabartar Aoyama tana tsakiyar birnin Tokyo, a gundumar Minato, inda tsadar fili ke sa attajiri ma ya yi tagumi. Ta zama maƙabartar jama'a a 1874, faɗinta ya kai kadada 26, kuma wata doguwar hanya ta ratsa ta daga arewa zuwa kudu, itatuwan sakura jere dama da hagu. Yawancin shekara ba a jin komai a wurin sai kukan hankaki. Amma a ƙarshen Maris, da zarar hukumar yanayi ta duba itacen da take awo da shi a wurin bautar Yasukuni, ta ga fure biyar ko shida sun buɗe, ta yi shela, sai rayayyu su yi wa matattu dirar mikiya. Furen ba ya wuce mako ɗaya zuwa biyu, kowa sauri yake yi, kuma kowa da abin da ya kawo shi.

Masu haƙƙin wurin su ne 'yan gaida kakanni. Makon Higan, wanda ke kewaye ranar da dare da yini suke daidaita wajen 20 ga Maris, shi ne lokacinsu. Ana gane su da bokiti da ludayi: su wanke dutsen kabari, su cire ciyawa, su sa furanni, su kunna turaren tsinke, su haɗa tafin hannu. Da yake kusan duk gawa ƙona ta ake yi a Japan, dutse ɗaya kan rufe tokar zuri'a guda. A cikinsu akwai tsohuwa mai kawo wa marigayi mijinta rahoton gida: jikan da ya ci jarrabawa, 'yar da ta ƙi aure, maƙwabcin da ya sake sayen mota. Takan daɗe, domin yanzu ne maigidan ya koyi saurare ba tare da katse magana ba. Harara kuwa, ta tanade ta don sauran baƙi.

Wanda ya fi shan wannan harara shi ne mai hoto. Babbansu dattijo ne da ya yi ritaya, ya zuba kuɗin sallamarsa a kan kyamara mai baki kamar taɓarya. Tun asuba yake kafa ƙafafunta a tsakiyar hanya, yana jiran lokacin da babu kowa a gabansa. Sai ya yi sa'a guda yana dako, hanya ta yi fayau, ya ɗora yatsa, tasi ta shigo. Ba ya zagi. Numfashi yake ja, ya sake jira. Ƙaramin mai hoto kuwa saurayi ne da budurwa ta miƙa wa waya, da sharaɗin fure ya fito, dogayen benayen Roppongi su fito, amma kada kabari ko ɗaya ya shiga. A maƙabarta wannan aiki ne da ya fi ƙarfin ɗan Adam, shi ya sa yake jin "sake ɗauka" har rana ta yi tsaka.

Sai masu ziyarar kare. A nan aka binne Farfesa Ueno Hidesaburo, masanin noma na jami'ar Tokyo, wanda ya rasu a 1925, a gefensa kuma akwai ɗan dutsen tunawa da karensa Hachiko, wanda ya yi ta jiran sa a tashar Shibuya har ya mutu a 1935. Waɗannan baƙi sukan wuce manyan ƙasa ko waiwaye babu, su durƙusa gaban dutsen kare, su ajiye masa kayan wasa, wasu har da ƙwalla. In an tambaye su wane ne ke kwance a babban kabarin, amsar ita ce "mai karen". Duk karatun farfesa bai hana wannan ba.

Mai tarihi yana ganin haka a matsayin cin mutunci. Shi da taswira yake shigowa, yana bin lambobin layi ɗaya bayan ɗaya. Ya san inda Okubo Toshimichi yake, jigon gwamnatin Meiji da aka kashe a 1878, ya san na Janar Nogi, ya san na Edoardo Chiossone ɗan Italiya mai zana takardun kuɗi, a sashen baƙi. A gaban Kitasato Shibasaburo, masanin ƙwayoyin cuta, yakan zaro takardar yen 1,000 ta 2024 mai ɗauke da fuskarsa ya nuna wa duk wanda ya tsaya kusa. Haɗarinsa ɗaya ne: wanda ya tambaye shi hanyar bayan gida sai ya fara jin yadda mulkin Tokugawa ya faɗi.

Akwai waɗanda fure bai dame su ba. Direbobin tasi sun daɗe da mayar da gefen maƙabartar wurin hutu. Suna kwantar da kujera, su rufe fuska, su yi barcin da ke gogayya da na masu gida. Ma'aikacin ofis yana zuwa da azahar da akwatin abincinsa, takunkumi a haɓa, yana atishawa saboda ƙurar itacen sugi da ke tashi a daidai wannan lokaci. Shi kuma mai shagalin ɓoye ya san an hana walima a wurin, don haka a tsaye yake sha, gwangwaninsa cikin leda, fuskarsa irin ta mai makoki. Hankaka na kallon su duka, shi ne dalilin da ake roƙon masu ziyara su koma gida da abincin da suka kawo wa mamatansu.

Na ƙarshe ba ya ɗaga kai sama ko kaɗan, ƙasa yake kallo. Wannan mai neman fili ne. Hukumar birnin Tokyo da ƙuri'a take raba guraben, sau ɗaya a shekara, ɗan wurin da bai isa mutum ya miƙe ƙafa ba kan ci miliyoyin yen, masu nema kuma sun ninka guraben sau da yawa. Kabarin gargajiya ba a nema wa kai shi tun da rai. Sai mai riƙe da tokar mamaci a hannu. Saboda haka bawan Allah yana zagaye yana auna kowane fegi da ido, yana lura da wanda ciyawa ta cinye ko magada sun daina biyan kuɗin shekara, alhali mahaifinsa na cikin tulu a saman kabad a gida, yana jiran sakamakon ƙuri'ar bana.