Yadda Waya Ke Ƙetare Iyaka Mai Ita Yana Zaune a Gida

A garuruwan bakin iyaka na ƙaramar hukumar Bagudo, irin su Lolo da Tsamiya, mutum kan kwana a Nijeriya wayarsa ta kwana a Jamhuriyar Benin, alhali tana ƙarƙashin matashinsa. Bayanin abin ba shi da wuya. Waya ba ta san tuta ba, ba ta san shingen kwastan ba, ƙarfen sabis kawai take nema. Idan na gida ya yi rauni ko injinsa ya mutu, sai ta kama na wajen Madekali ko Segbana. Nan take saƙo zai shigo ana yi wa maigida barka da zuwa Benin, shi kuwa yana kan tabarma a ƙofar gidan da aka haife shi yana jiran koko. Daga wannan lokaci, a littafin kamfani, matafiyi ne. In ya kira ɗansa da ke bayan gida yana ba awaki dusa, da kuɗin matafiyi za a cire masa a kati.

Shi ya sa za ka ji irin wannan magana a rumfar mai cajin waya:

"Yaro, duba mini, katin da na sa jiya ya ƙare ban kira kowa ba sai Hajiya."

"Baba, ai ka fita ƙasar."

"Ni? Yaushe?"

"Tun da asuba. Matsa gabas kaɗan wajen gindin mangwaro ka dawo."

Masu harkar kasuwa sun daɗe da samun mafita, suna riƙe layi biyu, ɗaya na naira ɗaya na sefa. A wurin irin waɗannan mutane ya kamata a auna tambayar da ake ta musu a kanta, wato ko sa hannun gwamnati a harkar sadarwa taimako ne ga mai waya ko cuta.

Mu fara da taimakon, don yana da yawa. Kafin 2001 kusan NITEL ce kaɗai, layukan ƙasar baki ɗaya kuma ba su kai rabin miliyan ba. A watan Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisi, kowanne a kan dala miliyan 285, MTN da Econet suka fara aiki a watan Agusta. Layi kaɗai ya kai naira dubu ashirin, minti ɗaya kuma naira 50, ko da sallama kawai ka yi layin ya yanke. Da aka ba Glo lasisi ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sai sauran suka bi ba shiri. A 2013 hukumar ta ba mutum damar sauya kamfani ya tafi da lambarsa. A 2016 ta kawo lambar 2442 ta toshe saƙonnin talla, ga kuma 622 ta kai ƙara kyauta. Babu kamfanin da zai yi wa kansa waɗannan don Allah da Annabi. Ko tarar naira tiriliyan 1.04 da aka ci MTN a 2015 kan layuka miliyan 5.1 marasa rajista, wadda aka rage zuwa biliyan 330, ta nuna cewa akwai mai tsawatarwa.

Cutar kuwa takan zo ne daga dokar da aka rubuta a Abuja ba a tuna da mutumin bakin iyaka ba. A watan Nuwamban 2019, bayan an rufe iyakoki a Agusta, hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, don a karya masu fasa ƙwauri. Ƙarfen sabis da man dizal yake aiki, shi kuma ba ya iya tashi ya matsa kilomita 21. Ƙungiyar kamfanonin sadarwa, ALTON, ta yi kukan cewa turakunta na sabis za su mutu. Duk turken da ya yi shiru a bakin iyaka, wayoyin da ke kewaye da shi maƙwabta suke nema. Ta haka dokar da aka kafa don hana fetur ƙetarewa ta zama mai tura wayoyi su ƙetare.

Haka ma batun haɗa layi da lambar NIN. Niyyar tsaro ce, kuma mu da muke zaune da matsalar ɓarayin daji ba mu raina ta ba. Sai dai an dakatar da sayar da sabon layi daga Disambar 2020 zuwa Afrilun 2021, sannan a Afrilun 2022 aka toshe kira daga layuka sama da miliyan 72. Ɗan birni ofishin rajista na kusa da shi. Masunci a bakin kogin Kwara wajen Illo ko makiyayi a dajin Ka'oje sai ya biya kuɗin kwalekwale ko babur, ya kashe yini a layin mutane domin a buɗe masa layin waya, in ya iso a ce masa sabis ya ɗauke, ya dawo gobe.

A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, bayan kamfanoni sun nemi kashi ɗari. Ta rage mana rabin nauyi, wannan gaskiya ne. Amma kuɗi ɗaya mai waya a Maitama da mai waya a Tsamiya suke biya, ɗaya yana kallon bidiyo a kwance, ɗaya yana tsaye a kan jiɓa da hannu a sama.

Maƙwabtanmu ma sun ɗanɗana duka biyun. A 2018 gwamnatin Benin ta sa harajin sefa 5 a kan kowace megabait ta WhatsApp da Facebook, matasa suka yi ca, aka janye shi a watan Satumba. Gwamnatin Benin ɗin kuma ita ce ta yi aiki da ƙa'idar ECOWAS ta 2017, ta daidaita da Togo da Ghana a kan rage kuɗin kiran matafiyi, har aka fara a 2024.

Saboda haka doka tana taimako idan ta buɗe ƙofar gasa ta kuma tsaya wa mai saye, tana cuta idan wanda ya rubuta ta bai tambayi inda za ta sauka ba. Muna kira ga NCC da ta zauna da takwararta ARCEP ta Benin a daina cajin mutum kuɗin tafiyar da bai yi ba. Asusun USPF, wanda dokar 2003 ta kafa don kai sadarwa karkara, ya kafa turaku masu amfani da hasken rana a Lolo da Tsamiya da ƙauyukan da ke tsakaninsu. Wakilanmu na Bagudo da Suru a majalisa su ɗauki maganar. Kafin nan, mai karatu, ka sa a saita maka wayarka ta riƙa zaɓen kamfani da hannu, in kuma an cire maka kuɗi ba dalili ka kira 622.