Masu Neman Aiki a Ɓoye, Daga Nima Zuwa Circle

Wanda ba shi da aiki a fili yake nema: ya gaya wa liman, ya gaya wa mai shayi, ya gaya wa duk wanda ya tsaya gaisawa da shi. Wahalar tana kan mai aiki a hannu da idonsa ke kan wani. Shi dole ya nema a ɓoye, kuma Accra ba ta da maɓoya ga ɗan Zango. In ka fito daga Nima ko Maamobi za ka Kaneshie, Adabraka ko North Industrial Area, da wuya ka kauce wa mahaɗar Circle. Tun da John Mahama ya buɗe gadar sama a 2016, har aka riƙa kiran wurin Dubai, masu motar kansu sun samu hanyar wucewa ta bisa. Mai hawa motar haya ta trotro kuwa a ƙasa yake sauka, inda ɗan layinku ke sayar da caja, ƙanin matarka ke canjin kuɗi, kowa kuma ya san ƙarfe goma na safe ba lokacin yawonka ba ne.

Babba a cikin masu neman aiki a ɓoye shi ne mai kashe dangi. Ba ya iya ce wa maigida yana da uzuri ya yi shiru, sai ya haɗa da gawa. Kakarsa ta Bawku ta rasu a watan Rajab, ta sake rasuwa bayan Sallar Layya. In aka kira shi intabiyu zagaye na biyu, sadakar uku ce. Zagaye na uku, sadakar bakwai. In kamfanin ya ja ƙafa, ta arba'in tana nan tana jira. Gaskiya tsarin ya yi daidai da yadda ma'aikatu ke jan mutum, har ka ce tare aka shirya su. Inda yake tuntuɓe shi ne a Zango ba a ta'aziyya ta waya. In maigidan Alhaji ne ɗan unguwa, bayan la'asar zai ɗauko abokai biyu da ambulan ɗin kuɗi ya nufi gidan. Ya yi sallama, ya durƙusa gaban uwar yaron: “Mma, ashe an yi rashi? Allah ya jiƙanta.” Ita kuma ta ce, “Wa ya rasu, Alhaji?” Marigayiyar tana gefe kan tabarma tana tsince wake, ta zo ganin likitan ido a Korle Bu. Waɗanda suka ƙware a sana'ar sun daina taɓa dangin kusa. Yanzu sai baffa a Sokode ko gwaggo a Yamai, inda Alhaji ba zai kai ƙafa ba.

Sai mai kaya a leda. Aikinsa na riga mai gajeren hannu ne da silifa, don haka kwat ɗin da ya aro wurin wani ango yana naɗe cikin baƙar leda, ƙarƙashin tabarmar salla. A banɗakin kuɗi na Circle yake rikiɗa: bakanike ya shiga, lauya ya fito. Ya tsayar da yaro mai ƙwanƙwasa akwati ya goge masa takalmi, ya shiga trotro a zafin watan Maris da taye a wuya, kafin ya isa kwat ɗin ya sha gumi har ya canza launi. Da dawowa ya sake rikiɗa, amma kullum sai ya manta da abu ɗaya, ko safa cikin silifa, ko ƙamshin turaren da ya zazzaga. Abokan aiki ba sa tona shi. Tambaya kawai suke yi: “Yau kuma ɗaurin auren wa aka yi ba a gayyace mu ba?”

Tun bayan korona ta 2020 an samu sabon iri, mai intabiyu ta waya. Yawancinsu suna Tip Toe Lane, cikin masu sayar da waya da gyaranta. Ya shige sito, ya jingina wayar da kwali, ya gyara kwalar riga, ya shaida wa masu tambaya cewa yana gida ne cikin natsuwa. A bayansa yaron mota na ihun “Kasoa! Kasoa!”, mai wa'azi ya ƙure lasifika, wani kuma yana dukan ƙofa yana neman wayar da ya kawo gyara tun shekaranjiya. Daidai lokacin da yake bayanin yadda ya iya riƙon amana maigida yake leƙo kai cikin hoton.

Mai zazzage ciki ya fi ba ni tausayi, domin sau da yawa gaskiya yake faɗa. An tambaye shi dalilin son barin inda yake, sai ya fara da albashin da ba ya zuwa kan kari. Ya wuce zuwa kuɗin fansho: doka ta ce a cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai ba da aiki ya ƙara kashi 13, shi kuwa ya je ofishin fansho na SSNIT ya duba bai ga ko sisi ba. Da ya tsaya nan da ya yi nasara. Amma baki ya riga ya buɗe, sai ga labarin amaryar maigida ta uku, da Umarar da ya je da kuɗin ma'aikata, da abin da yake yi wa direbansa. Bai san mutumin da ke gyaɗa kai a ƙarshen tebur sahu ɗaya suke tsayawa da maigidan ba kowace Juma'a a babban masallacin Kanda. Kafin motarsa ta kai shataletalen Nima labari ya riga shi isa shago.

Akwai kuma wanda ba tafiyar yake so ba, ƙarin albashi yake nema. Ya bar takardar gayyatar a kan kanta da gangan, ya riƙa amsa waya da ƙarfi cikin Turanci. Maigida ya karanta, ya ninke, ya miƙa masa: “Allah ya ba da sa'a, ɗana.” Shi ke nan.

Mai furotokol da mai malam tagwaye ne. Na farko bai karanta komai game da aikin ba, domin wani ya ce masa Honorabul ɗan majalisa na Ayawaso East ya san da maganar. Ya isa ya tarar da benci cike, kowa da nasa Honorabul ɗin, wasu ma na minista ne. Na biyu ya sha rubutu tun asuba, an kuma gargaɗe shi kada ya yi wa kowa magana, kada ya waiwaya, sai ya zauna gaban masu tambaya. Wanda ya ba da wannan sharaɗi bai taɓa bin babban titin Nima da safe ba. Gaisuwa ta ko'ina, ga surukinsa yana ɗaga masa hannu, ga yaron mota yana tambayar inda zai sauka, shi kuwa sai nuni da yatsa. Kafin azahar an fara cewa aljanu sun taɓa shi.

Mai sakin reshe ya kama ganye shi ne wanda aka ce wa “za mu neme ka” ya ɗauka takardar kama aiki ce. Ya koma shago, ya ajiye makullai da ƙarfi, ya amayar wa maigida duk abin da ya haɗiye shekara da shekaru. Dokar ƙwadago ta 2003 ta nemi sanarwar wata ɗaya in yarjejeniyar aikin ta kai shekara uku, mako biyu in ba ta kai ba, ko a biya kuɗin kwanakin. Shi ya ba da sanarwar minti biyu. Daga nan sai zaman majalisar ataya, waya a tafin hannu, yana aron ta aboki ya kira lambarsa don ya tabbatar layin lafiya yake. Bayan wata guda za ka ga dattawa uku da goro sun nufi shagon: “Alhaji, yaro ne, a dubi girman Allah.”

Mata sun fi mu iya wannan harka, ba na shakka. Yarinyar shagon Hajiya a kasuwar Nima ba ta buƙatar leda ko banɗaki, abaya ta rufe kayan intabiyu tsaf. Ta ce za ta raka Mma asibitin Maamobi, kuma da gaske ta raka ta, ta karɓar mata kati, ta wuce, ta dawo kafin layi ya iso. Ba wanda zai ji komai sai ranar da ta zo da 'yar ƙanwar babarta ta ce, “Hajiya, ga wadda za ta riƙe miki shago, na koya mata lissafin.” Mai waakye ce kaɗai ta gane, don ta ga ranar yarinyar ta saya tun kafin bakwai.

Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne wanda ya ci intabiyun. An ba shi aiki a Tema, da ƙarin albashi. Da dare ya zauna da biro: mota biyu zuwa, biyu dawowa, fita kafin asuba, abincin rana da zai saya da kansa, ba izinin Juma'a mai tsawo, ba bashin da maigida kan ba shi in iyali sun haihu. Ƙarin ya narke kafin ya kai ƙasan takarda. Washegari ya koma tsohon shago shiru, bai ce wa maigida uffan ba. Sai dai ya riga ya gaya wa majalisa, sun sa masa suna Manaja. Dattawan gida kuma har yau da tsohon kuɗi suke ƙirga, na kafin a cire sifiri huɗu a 2007, don haka albashin sidi 2,000 da suka ji a wurinsu miliyan ashirin ne duk wata. Gwaggonsa ta Tamale ta riga ta aiko da sunayen yara uku da kuɗin makarantarsu, ta ce ba gaggawa, ya bari sai albashin farko ya shigo.