Injiniyan da Aka Hana Sayen Rago

Wani caca ce ta kama shi, wani shayi, wani kallon ƙwallon Turai. Ni nawa ciwon ko suna ba shi da shi a Rigasa: ba na iya yanke shawara sai na tabbatar babu wadda ta fi ta, ko da ta sayen tumatir ce. A makaranta na kwaso shi, wurin binciken digiri na biyu a fannin injiniyan kwamfuta, kuma abin haushin shi ne a kansa aka yaba mini, har aka ba ni takardar shaida.

Shi ilimin ba shi da laifi. Za a kawo maka matsala, kamar inda za a kafa turakun sadarwa kowa ya samu sabis ba tare da kamfani ya karye ba, ko hanyar da saƙo zai bi a intanet ya isa da wuri. Sai ka mayar da ita lissafi: ga abin da nake so ya ragu, ga sharuɗɗan da ba a tsallakewa, ga abubuwan da nake da ikon juyawa. Daga nan ka saki kwamfuta ta yi ta lalube. Dabarun laluben kuwa sun yi yawa, har dabbobin dawa an kusa ƙarar da su. Marco Dorigo ya kwaikwayi tururuwa a 1992, wasu suka kwaikwayi garken tsuntsaye a 1995, aka zo kan kyarkeci a 2014. Mutanenmu na sashen injiniyan kwamfuta a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma sun fitar da tasu, mai bin sawun ƙamshi har ta kai ga tushensa. Duk wannan na sha shi na ƙoshi. Inda aka samu matsala shi ne ban bar shi a ɗakin bincike ba, na taho da shi gida.

Da hanya na fara. Tun da aka buɗe jirgin ƙasan Abuja a 2016, tafiyar kilomita 186 daga tashar Rigasa zuwa Idu ba ta da abin lissafawa, layin dogo ɗaya ne, ka zauna a kai ka. Saboda haka sai na zuba basirata kan ɗan tsakanin ƙofar gidana da tashar. Ai Edsger Dijkstra cikin minti ashirin ya ƙirƙiro dabarar gano hanya mafi kusa, a 1956, yana zaune yana shan kofi a Amsterdam tare da wadda zai aura, kuma tambayarsa ita ce yadda za a je Groningen daga Rotterdam. Na zana lungunan unguwarmu, na auna kowanne, kwamfuta ta ba ni hanya. Sai dai Dijkstra bai san rumfar biki da ake kafawa a tsakiyar layi ba, bai san kwatar da ke zama kogi da ruwan Agusta ba. Mai Keke Napep ya dubi takardata ya ce, "Injiniya, wannan layin ai yau akwai suna, mu bi titi kawai." Na nace. Muka iske kujeru da tukwane, muka juyo da baya, jirgi ya tafi.

Mai hankali da nan ya tsaya. Ni kuwa cewa na yi lissafin ne bai cika ba. Na lura hanyar da ta fi kusa tana ratsa majalisar surukina, inda gaisuwa ba ta ƙarewa sai an tambayi lafiyar iyali, aiki, gajiya, da ruwan jiya. Sai na ɗora wa kowane layi nauyi gwargwadon yawan dattawan da ke zama a cikinsa. Kwamfuta ta yi aikinta tsakani da Allah, ta fitar mini da hanyar da babu wanda zan durƙusa wa. Na yi ta bin ta ina jin daɗi, har ran da Baba ya aiko yaro: "Ka ce da Injiniya, in laifi muka yi masa ya faɗa mana." Yinin da na kwashe a zauren nan ina sunkuye, ga goron ban haƙuri, ya cinye duk mintocin da na tara har da riba.

Na koma kan cefane. Wannan ma tsohuwar matsala ce a fagen. A 1945 George Stigler, masanin tattalin arziki a Amurka, ya jera abinci iri 77 ya tambayi mafi arhar haɗin da zai riƙe mutum da lafiyarsa shekara guda. Ya samu dala 39.93 bisa farashin 1939, abincin kuwa fulawa, madarar gwangwani, kabeji, alayyafo da busasshen wake. A 1947 aka sake lissafin da sabuwar dabarar George Dantzig, ma'aikata tara suka yi ta buga injin lissafi na hannu, aka rage senti 24 kacal. Shi Dantzig da ya gwada a kan kansa, kwamfuta cewa ta yi ya riƙa shan galan 500 na binega kullum, saboda kuskure a bayanan da ya ba ta. Na san labarin nan sarai, na ma sha ba ɗalibai shi ana dariya. Bai hana ni zuwa Kasuwar Barci da littafi ina rubuta farashin mudu-mudu ba. Amsar da na samu: wake, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, zogale, ɗan manja. Kullum. Na miƙa wa uwargida takardar ina murmushi. Ta karanta ta ce, "To, Malam, Allah ya ƙara basira." Da dare aka ajiye mini kwano, kwaɗon zogale da gari daidai awon da na rubuta, ita da yara suna can gefe da shinkafa da miyar kaji. Ban ce uffan ba. Na cinye, don kada a ce lissafin bai yi ba.

Ragon layya ne ya tona mini asiri a idon unguwa. Akwai ƙa'idar da Martin Gardner ya yaɗa a 1960: in za ka zaɓi ɗaya cikin jerin abubuwa, kuma wanda ka wuce ba ka komawa kansa, to ka kalli kashi 37 cikin ɗari na farko ba tare da ka ɗauka ba, sannan ka kama na farkon da ya fi su duka. Abin da ban cika faɗa wa mutane ba shi ne, ko ka bi ƙa'idar sau da ƙafa, damar ka dace da mafi kyawun ita ma kashi 37 ce. Na shiga Zango da ita a kai. Rago na uku da aka nuna mini, balami ne fari tas, wuya kamar turmi, kuma kuɗinsa daidai aljihuna. Dillali ya ce, "Alhaji, taya mana, mai shi gida yake son komawa." Na ce ina cikin zagayen kallo tukuna. Ya dube ni, ya dubi littafin, ya ja ragonsa. Kafin in gama kallon wani ya taya an sallama masa. Duk wanda na gani bayan nan bai kama ƙafar balamin ba, ƙa'ida kuwa ta ce kada in saya. Ran jajibiri da magariba na shigo gida da wani abu mai ƙaho wanda yaran layi suka yi ta gardama a kan ko tunkiya ce.

Bana uwargida ta karɓi kuɗin tun da wuri ta ba ƙaninta, ni aka ce in bi shi in riƙe igiya. Ko ruwa ban sha ba yaron nan ya gama ciniki, ya biya la'ada, ga rago lafiyayye. A Keke na kasa haƙuri na ce, "Wai nawa ka duba kafin ka zaɓi wannan?"

"Biyu, Yaya. Ɗayan tari yake yi."

Na buɗe baki zan bayyana masa cewa a raguna biyu ƙa'idar ba ta fifita na farko a kan na biyu ba, sai ragon ya fizge, yaron ya ce mini in riƙe igiyar da hannu biyu.