Yadda Ake Yi wa Saniyar Turai Tozo

Idan kana da shagon buga takardu a Gumel, ko ba daɗe ko ba jima wani Alhaji zai shigo da aikin kalandar dillalan shanu na kasuwar Maigatari, yana son saniya a tsakiya. Kada ka ce babu. Buɗe CorelDRAW, ka saka faifan zane-zanen da ka gada wurin ubangidanka, shanu na nan jibge. Sai dai duk 'yan ƙasar Holan ne: dabbare-dabbaren baƙi da fari, ba tozo, ba ƙaho, ga ƙararrawa a wuya, wata ma har murmushi take yi. Wanda ya zana su bai taɓa shaƙar ƙurar kara ranar Alhamis ba.

Zaɓi ɗaya, ka fara da wargaza ta. Irin wannan zane gutsattsari ne aka ɗaure wuri ɗaya, da ka danna Ctrl da U sai ido ya ware, kofato ya ware. Share dabbaren, ka kwance ƙararrawar. In bunaji Alhaji yake so, shafa mata fari. In rahaji ce, ja mai duhu, sannan ka danna F10 ka kama bakin kunnen ka yi ta ja har ya zama ƙahon da Bafulatani ba zai yi maka dariya ba. Tozo kuwa, F7 zai ba ka siffar ƙwai, ka ɗora a kafaɗa ka manne. A yi shi daidai wa daida. In ya zarce ta koma raƙumi, ko da yake a Maigatari shi ma ba ya kwantai.

Kafin ka matsar da ita ko da taku ɗaya, sake ɗaure ta da Ctrl da G. Na taɓa ganin kalandar da saniya ta yi dama, idanunta biyu suka tsaya a hagu, daidai saman sunan ma'aji, suna kallonsa shekara guda cur.

Nan Alhaji zai sunkuyo ta bayanka ya ce, "Kai yaro, ƙara mata ƙiba mana, ka ga kamar ta sha rani." Ka'ida ita ce a ja zane daga kusurwa don tsawo da faɗi su tafi tare. Amsa da "To, ranka ya daɗe," ka ja ta gefe, ta baje kamar tabarma. Zai yi murna. Bayan ya fita sallah ka danna Ctrl da Z.

Manoman riɗi na Gagarawa su ne masu wahala, don faifan bai san riɗi ba. Abokan sana'a sukan saka zangarniyar alkama su yi shiru, su manta cewa mutumin da ke biyan kuɗin shi ya shuka abin da hannunsa. Gara ka ɗauki hoton dami da wayarka. Faifan dai ka adana shi: tun 2014 Microsoft ya rufe rumbun irin waɗannan zane-zane nasa, manhajarsa ta Publisher ma ya tsayar da Oktoban 2026 don yin sallama da ita. Ctrl da S kuma ta zama tasbihinka, wuta ba ta sallama in za ta tafi.

Sai katin ɗaurin aure, a ce daga Sule Tankarkar. A nan ka buɗe ido sosai. Zoben nan biyu ba laifi, furanni ma haka, tantabaru su wuce. Amma can ƙasa, tsakanin furannin, Bature yakan ɓoye dogayen kofuna biyu suna karo da juna, kumfa na tashi. Goge su. In kuma sai da aka buga kati ɗari biyar ka lura, kuma na farko yana hannun liman, to ka roƙi Allah injin ya fitar da ruwan ja-ja, ka tsaya kai da fata cewa zoɓo ne.