Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga ƙwaron da ke kashe mana rezo

Ranka ya daɗe, Malam Ƙwaro,

Ni ne mai kula da na'urar rarraba intanet ta wani shago a kasuwar Black Market ta Adjamé a Abidjan, inda masu gyaran waya ke sauke manhajoji. Ban taɓa ganin fuskarka ba, amma kai ka san ni, don da ka ji takuna sai ka yi lamo.

Halinka ya ishe ni. Manhajar na'urar ta yi kwana da kwanaki lafiya lau, sai ranar da kasuwa ta cika maƙil ka kayar da ita warwas. A kira ni daga Treichville, in haye gadar Houphouët-Boigny, in kutsa cunkoson motocin gbaka, in iso gumi sharkaf, in tarar wani yaro ya kashe ya kunna, komai garau. Alhaji mai shago ya dube ni ya ce, "Malam, anya ba aljanu ba ne?" Ai da aljanu ne, Alhaji, da an huta, Treichville ba ta rasa malaman tofi ba.

Ran 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar ƙasar nan, ƙasashe da dama sun wahala, amma an san inda ciwon yake, jiragen ruwa suka je suka gyara. Kai ko adireshi ba ka da shi.

Na dai gano sana'arka. Ƙwaƙwalwar na'ura gidan haya ce. Saƙo ya shigo, manhaja ta ba shi ɗaki, ya gama ya fita, a zuba sabon ɗan haya. Kai ne tsohon da ya tafi da makulli a aljihu. Ka dawo cikin dare, ka rubuta 'yan lambobinka a kan kayan wani, ka sulale. Babu ihu, babu ƙara. Sai can bayan awanni wani bawan Allah ya ɗauki abin da ka gurɓata ya faɗi, rahoton mutuwar manhaja kuma ya nuna shi, alhali bai ci nanin ba, nanin ta ci shi. Wani zubin kuma ka karɓi ɗaki guda ka miƙe ƙafa har cikin na maƙwabci.

Na ɗana maka tarkon Valgrind. Ya rage wa manhajar gudu ninki goma ko fiye, sassanta biyu da ke rige-rigen ɗaki guda suka daina karo, ka yi ɗif. Na koma AddressSanitizer, 'yar na'urarmu ta ce ba ta da wurin ɗaukarsa. Na ƙara layi ɗaya tak mai buga rahoto, ka ɓace. Na cire, ka dawo da kayanka. Abincin garba da na ci a bakin teburin nan ina gadinka, Allah kaɗai ya san kuɗinsa.

Asalinka ma na bincika, ɗan babban gida ne kai. Kakanka na cikin ƙofofin da tsutsar Morris ta bi ta rikita intanet a Nuwamban 1988. Ɗan uwanka Heartbleed ya tona asirin OpenSSL a 2014. A 2019 Microsoft ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da take toshewa danginku ne. Yaren C da ya haife ku tun 1972 ba ya tambayar kowa makulli. An ce yaren Rust, da ya shiga Linux a ƙarshen 2022, yana karɓe makulli tun a bakin ƙofa. Madalla, sai dai wa zai sake rubuta manhajar tsohuwar na'urar Alhaji?

Buƙatata ƙarama ce. Ba na ce ka tashi ba. Ka dai faɗi sau ɗaya a gabana, manhajar Wireshark na naɗar saƙonni. Alhamis bayan la'asar ta yi mini. Ranar Juma'a kuwa kada ka kuskura.

Naka cikin haƙuri,
Mai gyaran rezo, Adjamé