Ijtihadin Maigida a Madafi

Daga cikin al'amuran wannan zamani waɗanda malaman fikihu ba su riga sun ware musu babi ba, akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin magidanta, wato mutumin da tun ranar da aka ɗaura masa aure bai san inda ake ajiye muciya ba, sai a wayi gari ya kalli wani Bature a YouTube na ɗan lokaci, ya miƙe da sukurdireba a hannu, ya shelanta wa iyalinsa cewa daga yau shi ne mujaddadin madafi, ba tare da ijaza daga wani malami ba.

Hujjarsa kuwa ba ta rasa ƙamshin gaskiya, domin tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 tsada ta game kome, har ladan mai gyara. Saboda haka sai ya nufi kasuwar Sabon Gari ta Kano, ya sayo bilenda ta hannu wadda ta fito daga Amurka, yana alfahari da araharta, alhali an ƙera ta ne don wuta mai ƙarfin bolt 120, tamu kuwa 230 ce. Da ya ga filoginta bai shiga soket ba, sai ya yi ƙiyasi cewa wuta dai wuta ce, ya datse kan, ya cusa tsirarar waya. Bayan hayaƙi ya lafa, sai ya yanke hukunci cewa kambun bakin maƙwabta ne.

Mas'alar da ta fi wannan girma ita ce ta tukunyar gas mai kilo 12.5, wadda ya sayo don ya 'yantar da uwargida daga hayaƙin risho. Ya ɗaure tiyo da tsohuwar robar keke, kuma ko da yake ijma'in masana ya tabbata a kan cewa da ruwan sabulu ake gane inda iska ke tsiyaya, in an ga kumfa ta taso, shi mazhabarsa ta ashana ce. Uwargida ta ce, "Maigida, da dai an kira mai gyara." Ya ce, "Ke dai kawo mini filaya." Magabata sun yi gargaɗi kada garin neman gira a rasa ido, shi dai Allah ya tsare masa idon, girar ce da rabin gemu suka tafi.

Aƙibar al'amarin sananniya ce: yara su ɗauki tattasai da tumatir zuwa gidan markaɗe, uwargida ta koma fifita gawayi a kurfoti, sa'an nan a kira mai gyaran nan da aka guje wa, ya dubi kusoshin da suka yi ragowa a faranti, ya karɓi lada ninki biyu, ɗaya na aiki, ɗaya kaffarar gyaran maigida.

Fatawarmu a nan ita ce, taƙlidi wajibi ne a kan wanda bai san waya mai wuta daga marar wuta ba. In kuwa shauƙin taimakon iyali ne ya motsa shi, to, ƙofar wanke-wanke a buɗe take, ladanta tabbatacce ne, kuma ba a taɓa jin soso ya ƙone gemun kowa ba. Wallahu a'alamu.