Madarar yaro a jirgi, yadda muke yi a layinmu

Ranar Asabar bayan la'asar muna tsakar gidan Gwaggo ana tsinkar zogale, sai ga amaryar gidan da ke kallon namu ta yi sallama da ɗanta a goye. Tafiyar Umara ta tabbata, kuma da yaron za a je. Watansa 16, yana cin tuwo yana shan kunu, amma in bai sha madara ba babu mai runtsawa a gidan. An ce mata ba a shiga jirgi da abu mai ruwa, shi ne hankalinta ya tashi.

Gwaggo ko ɗagowa ba ta yi daga faranti ba ta ce, "'Yar nan, ba kin ce bai bar mama ba? To ki rufa masa hijabi ki ba shi abinsa. Wannan babu mai ƙwace miki a bakin ƙofa."

Gaskiyar Gwaggo ce, kuma a nan layin namu ba ma ɗora yaye a kan tafiya. Yaro ya bar ɗakinsu, ya bar 'yan uwansa, ga ƙarar jirgi ga baƙin fuskoki, sannan a raba shi da mama a mako ɗaya? Ko an sa ranar yaye, mukan ɗaga sai an dawo. Sai dai amarya ta ce maman ba ya ƙosar da shi yanzu, dole a haɗa masa da ta gwangwani.

Nan Yaya ta karɓe zancen, ita da ta saba zuwa Alƙahira saro kaya. Ta ce dokar tana nan: abu mai ruwa a jakar hannu kada mazubinsa ya wuce mililita 100. An kafa ta ne a 2006, bayan an bankaɗo a Landan wani shiri na tarwatsa jirage da sinadaran ruwa a kwalaben lemo. Amma madara da abincin ƙaramin yaro suna da rangwame muddin yaron na tare da ke. "Ki fito da su daga jaka tun kafin a tambaye ki, ki ajiye a faifan binciken daban. Su duba, wani lokaci su buɗe su gwada, ki wuce. Wadda ta cusa a ƙasan zani ita ce ke shan tambaya."

Mu dai mun fi yarda da ta gari, don ba ta tsami kuma ba ruwanta da dokar ruwa. Mai hali ta ɗauki ƙaramin gwangwanin Nido ko Peak, wata ta sayi jerin 'yan ƙananan ledojin Cowbell, kowace ɗaya ta isa sha sau ɗaya. Abin da muke ja wa juna kunne a kai shi ne juye ta a farar leda a ƙulle, irin yadda muke ƙulla kuka da daddawa. Farin gari babu suna babu tambari, a filin jirgi, balle mai sauka a Saudiyya inda ba a wasa da maganar ƙwaya, ai neman tsaiko ne. A bar ta a mazubin da ta zo da shi, in so samu ne ma ba a ɓare ba.

Ruwan haɗawa kuma, bayan an wuce bincike ake sayen na roba. Filas ki shige da shi ba komai a ciki, a jirgi ki roƙi ma'aikaciya ta zuba miki ruwan zafi, ki sirka da na roba, ki ɗiga a bayan hannu ki ji ɗuminsa. Kada ki haɗa tun daga gida ki ce za ta kai ki Jidda. Madarar da aka dama, in ta yi awa biyu a waje ta tashi daga aiki, wadda yaro ya sa wa baki ya rage kuwa ko hakan ba ta kaiwa. Zubarwa akwai ciwo a tsadar nan, na sani, amma gudawar yaro a Makka ta fi ciwo.

Ni abin da na ƙara mata lissafi ne. Daga Kano zuwa Jidda wajen awa biyar ne a sama, sai uwa ta auna na sha sau biyu ta rufe gwangwani ta jefa a babban akwati. Haka na yi shekarun baya da 'yata, lokacin hunturu. Hazo ya rufe gari, jirgin safe bai tashi ba sai bayan isha'i, akwatuna kuwa tun hantsi an auna an shige da su. Kafin magariba madarar hannuna ta ƙare. Yarinyar ta yi kuka har muryarta ta dushe, ta kama wuyan rigata tana cewa "mada, mada". Wata baiwar Allah daga layin kujerun baya ta taso, ta zuge jaka ta miƙo mini ledoji uku, ko sunanta ban samu tambaya ba. Har yau ina sa ta a addu'a. Tun daga ranar lissafina daga ƙofar gida yake farawa har ƙofar masauki, sannan in ninka.

Gwaggo ta ce ita da za a bi tata, da fura da nono za a ƙulla wa yaron a jarka. Yaya ta ce, "Gwaggo, nono yana tashi, ga iskar jirgi tana kumbura roba. Kina buɗe murfi zai wanke miki maƙwabci." Aka yi dariya, Gwaggo ta ce to a soya masa garin kunun gyaɗa, wannan kam kowa ya amince.

Sai maganar kunne. Yaron da bai kai shekara biyu ba a cinya yake zama, da ɗan bel ɗinsa da ake maƙalawa a na uwa. Lokacin tashi, musamman lokacin sauka, iska na toshe kunne, babba ya yi hamma ya huta, yaro bai san wannan ba sai ihu. Haɗiya ce ke buɗe masa. Don haka mukan ɗan ja masa rai, kada ya ƙoshi a ɗakin jira, sai jirgi ya fara gudu a miƙa masa kofi ko mama. In aka sanar an fara sauka a sake ba shi.

Amarya ta tambaya ko ta ɗauki babban gwangwani na kwana 14. Yaya ta ce ta saka ɗaya a akwati tunda yaro ya saba da ɗanɗanonta, amma kada ta damu, kantunan Makka da Madina cike suke da madarar Almarai. Ta dai lura da rubutu: halib ita ce madara, laban kuwa mai tsami ce kamar nononmu. Ta kwali mai daɗewa ba ta son firji sai an buɗe, shi ya sa ƙananan kwalaye suka fi.

Kafin a kira magariba amarya ta koma gida ta dawo da jakar hannunta, muka zazzage ta a kan tabarma. Aka fitar da takalmi na biyu da turare, aka sa ledojin madara goma, kofi mai murfi biyu, cokali, filas da riga ta canji, tata da ta yaron. Gwaggo ta ɗaga jakar ta ji nauyinta, ta ce a ƙara biskit.